Kalkuletar waya tana ba ni amsar da ba ta malam ba

Assalamu alaikum, Malamai. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandare a nan Jos, a Anguwar Rogo muke zaune, kuma bana zan zauna WAEC da NECO da JAMB in Allah ya yarda. Ba ni da kalkuleta, sai wata manhaja da na sauke a tsohuwar wayar da Yayana ya bar mini. Damuwata ita ce amsata ba ta zuwa daidai da ta malam. An ba mu lissafin tsani mai tsawon mita 5 da aka jingina da bango, kusurwarsa da ƙasa digiri 60, aka ce mu nemo tsayin inda ya taɓa bangon. Kowa ya samu 4.33, ni na samu −1.52, aka yi ta yi mini dariya. A fiziks na raba 6.4 × 10⁻¹⁹ da 1.6 × 10⁻¹⁹, amsar 4 ce, waya ta rubuto mini 4E−38. A kemistiri an ba mu 2.5 × 10⁻³ mu nemo pH, wato ma'aunin tsamin sinadari, maimakon 2.60 na samu 5.99. Har na fara jin ko ni ce ba ni da kan kimiyya. Ga Baba kuma, da ya gan ni da waya da dare sai ya ce hira nake yi, ya karɓe. Don Allah me zan yi?

Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Mun gode da kika rubuto lambobin yadda suka fito, domin su ne suka tona asirin matsalar. Duk amsoshin nan uku da kika samu suna nuna cewa hanyar lissafinki daidai take. Da ba ki san cewa tsayin bangon 5 sau sin 60 ne ba, da −1.52 ba ta fito ba, da wata lambar ce daban. Kin shimfiɗa aikin yadda ya kamata, a wajen miƙa wa na'ura ne aka samu saɓani, kuma kowane saɓanin yana da dalilinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari mu fara da tsanin. Hanyar auna kusurwa ba ɗaya ba ce. Akwai digiri, wanda da'ira ke da 360 nasa, akwai kuma radiyan, wanda guda ɗaya ya kai kimanin digiri 57.3. Manhajarki tana kan radiyan, saboda haka da kika rubuta sin 60 ta ɗauka radiyan 60 kike nufi. Radiyan 60 kuwa digiri 3,438 ne, wato an zagaya da'ira sau tara an ɗora digiri 198 a kai. Sin na radiyan 60 ɗin nan yana ƙasa da sifili, −0.3048, in kika ninka da 5 sai ga −1.52 ɗinki. Wayar ta amsa tambayar da aka yi mata ne, ba wadda kike nufi ba.

Ki duba saman fuskar manhajar, galibi a gefen hagu, za ki ga an rubuta DEG ko RAD da ƙananan baƙaƙe. DEG kike so. Sai dai akwai wani tarko a nan. A wasu manhajojin rubutun da ke kan maɓallin yana nuna inda za ki koma ne in kin danna, ba inda kike ba. A kalkuletar iPhone, misali, in kin ga maɓallin yana cewa Rad, to a digiri kike. Shi ya sa muke cewa kada ki dogara da rubutu, ki gwada. Duk lokacin da kika zauna karatu, kafin ki taɓa tambaya ta farko, ki rubuta sin 30. In ta ba ki 0.5, kina kan digiri, ki ci gaba. In ta ba ki −0.988, radiyan ne. In kuwa kika ga 0.454, ta faɗa wani ma'auni na uku mai suna GRA, wanda ke raba da'ira 400, kuma babu abin da za ki yi da shi a sakandare. Gwajin bai kai daƙiƙa biyar ba. Ki riƙa yinsa kullum, domin wasu manhajojin kan koma radiyan in an rufe su ko an sabunta su, kuma yatsa kan goge maɓallin ba tare da mai waya ya lura ba.

Tun da muna kan kusurwa, ga abu biyu da za su iya cizon ki nan gaba. In an ba ki sin na kusurwa 0.5 ne aka ce ki nemo kusurwar, maɓallin sin⁻¹ kike buƙata, yana ɓoye a bayan INV ko 2nd ko SHIFT, gwargwadon manhajar. Ba 1 ÷ sin ba ne, duk da cewa alamar ta yi kama da haka. In kuma kika ba shi lambar da ta wuce 1 zai ce kuskure, ba lalacewa ya yi ba, babu kusurwar da sin ɗinta ya wuce 1, ki koma ki duba ko kin juya lambar sama da ta ƙasa. Na biyu shi ne minti. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Saboda haka 30°30′ daidai yake da 30.5, ba 30.30 ba. Sin na farkon 0.5075 ne, na biyun 0.5045, tazarar da ta isa ta sa ki zaɓi harafin da ba shi ba. Za ki haɗu da wannan a lissafin layukan taswira. Jos ɗinmu tana kusan 9°55′ arewa, in za ki shigar da ita sai ki rubuta 9 + 55 ÷ 60, ta ba ki 9.917.

Sai na fiziks, wanda ya fi wancan wayo. Da farko, harafin E da kika gani ba kuskure yake nufi ba. 4E−38 na nufin 4 × 10⁻³⁸, gajarta rubutu ce kawai saboda fuskar waya ba ta da faɗi. Abin da ya faru shi ne kin jera lambobin a layi ɗaya yadda suke a littafi: 6.4 × 10^−19 ÷ 1.6 × 10^−19. Idonki yana ganin lamba biyu. Na'ura tana ganin guda huɗu, kuma ninkawa da rabawa a wurinta matsayinsu ɗaya, daga hagu take bin su zuwa dama. Ta raba da 1.6 kaɗai, ta samu 4 × 10⁻¹⁹, sannan ta ga alamar sau, ta ninka da 10⁻¹⁹ na ƙarshe maimakon ta raba da shi. Shi ne 19 da 19 suka haɗu suka zama 38.

Magani biyu ne. Mafi sauƙi, ki kulle kowace lamba a cikin baka: (6.4 × 10^−19) ÷ (1.6 × 10^−19). Wanda ya fi shi kyau, ki nemi maɓallin da aka yi domin wannan aikin. A wasu manhajojin EXP ne sunansa, a iPhone EE, a kalkuletar Casio ta zamani ×10ˣ. Ki danna 6.4, EXP, alamar ɗebewa, 19. Ba sai kin sa sau ba, ba sai kin sa 10 ba, maɓallin ya riga ya ƙunshe su, kuma yana ɗaure lambar ta zama dunƙule guda. Masu sa 10 kafin EXP su ne ke samun amsar da ta ninka ta gaskiya sau goma: 10 EXP 3 dubu goma ce, dubu ɗaya kuwa 1 EXP 3. Kada kuma ki rikita shi da ƙaramin e da ke kusa da π. Wannan lamba ce mai zaman kanta, 2.718, ba ruwanta da pawar goma. In manhajarki ba ta da EXP sam, ki zauna kan baka. Za ki sha amfani da wannan, domin lambobin fiziks da kemistiri kusan duk haka suke: cajin ilektoron 1.6 × 10⁻¹⁹, lambar Avogadro 6.02 × 10²³, gudun haske 3.0 × 10⁸.

Na kemistiri ba ya buƙatar dogon bayani. Maɓallai biyu ne maƙwabtan juna, log da ln, kika danna na biyun. Log yana aiki da 10, ln yana aiki da e ɗin nan da muka ambata. pH da log ake nemo shi: log na 0.0025 shi ne −2.60, ki cire alamar ɗebewa ki samu 2.60. Ln na wannan lambar −5.99 ne. In kina shakka, ki gwada da 100: log zai ba ki 2 cif, ln zai ba ki 4.605.

Waɗannan su ne ukun da kika kawo. Amma da yake duk uwarsu ɗaya, bari mu nuna miki sauran 'yan gidan tun kafin su same ki a ɗakin jarrabawa. Ɗauki x² − 3x − 4 = 0, wanda ake warwarewa da tsarin nan x = (−b ± √(b² − 4ac)) ÷ (2a). A nan b shi ne −3. In kika rubuta −3² na'ura za ta ba ki −9, domin tana fara ninka 3 da kansa sannan ta manna alamar. Sai ki samu −9 + 16, wato 7, ki ɗauki √7 ki shiga daji. In kika rubuta (−3)² za ta ba ki 9, jimla 25, √25 kuwa 5, amsoshi su fito 4 da −1 sumul. Haka ƙasan wannan tsarin, wato 2a. A 2x² + 3x − 5 = 0, in kika rubuta (−3 + √49) ÷ 2 × 2 za ki samu 4, alhali amsar 1 ce. Sai kin rubuta ÷ (2 × 2). Ƙa'idar ita ce duk inda kika ga dogon layin rabawa a littafi, abin da ke samansa ya shiga baka, abin da ke ƙasansa ya shiga baka. Baka ba ta cin kuɗi, ki yawaita ta. Kuma kada ki bar alamar sau a zuci. Lissafin nan da ake ta gardama a kansa a Facebook, 6 ÷ 2(1 + 2), wasu na'urorin suna ba da 1, wasu suna ba da 9, saboda masu ƙera su ba su yi ittifaƙi a kan lambar da aka manna wa baka ba tare da alama ba. Mu a ganinmu gardamar ɓata lokaci ce, rubutun ne gurgu. Ki sa alamar da hannunki, magana ta ƙare.

Maɓallin % ma ba mu cika yarda da shi ba. Rubuta 200 + 10% a yawancin wayoyi, za ki ga 220. A wasu kalkuletocin hannu 200.1 za ki gani, domin su 10% a wurinsu 0.1 ne kawai. Ki saba da rubuta 200 × 1.1, wannan ko'ina amsarsa ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ba na na'ura ba ne, na gaggawa ne: yanke lamba tun ana tsakiyar aiki. In kika raba 1 da 3 kika rubuta 0.33, sannan kika ninka da 600, za ki samu 198 maimakon 200. Ki bar lambar a cikin na'ura, ki ci gaba da ita ta maɓallin Ans, ko ki ajiye ta da M+ ki kira ta da MR, sai a layin ƙarshe ki yanke zuwa adadin da aka nema. In tambaya ta ce ki ɗauki π a matsayin 22/7, ki bi umarninta, kada ki danna maɓallin π. Girman filin cikin da'ira mai rabin tsakiya 21 da 22/7 shi ne 1,386, da maɓallin π kuwa 1,385.44, mai duba takarda kuma ta farkon ce a gabansa. In kuma wata rana kika nemi cos 90 manhaja ta rubuto miki 6.12E−17, kada ki firgita. Sifili ne, ɗan ɓurɓushi ne da ya rage saboda yadda waya ke adana lambobi.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne ki riƙa ƙiyasta amsa kafin ki danna komai. Tsani mai mita 5 ba zai taɓa bango a sama da mita 5 ba, ba zai kuma nutse ƙarƙashin ƙasa ba. Da ganin −1.52 ya kamata ki ce a'a. 6.4 a raba da 1.6 huɗu ne, pawar sama da ta ƙasa iri ɗaya ce, sun cinye juna, wannan ma ko waya ba ya buƙata. Lambar da ke da 10⁻³ pH ɗinta kusa da 3 zai faɗo, 6 ta yi nisa. Littafin jadawalin nan mai lamba huɗu da ɗalibai suka raina ma mashaidi ne mai kyau, ki buɗe ki ga sin 60 a 0.8660, log 2.5 a 0.3979. Ki haddace sin da cos da tan na 30 da 45 da 60, tara ne kacal.

Game da manhajar kanta, ba sai kin je nesa ba. Kalkuletar da ta zo da yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung tana da ɓangaren kimiyya. Ki kunna juyawar fuska ki kwantar da wayar a gicciye, ko ki nemi ƙaramar alama mai √ da π ki danna. In kina son wadda ta fi ta, akwai HiPER da RealCalc da Desmos a Play Store. Ki zaɓi wadda ke nuna dukan layin da kika rubuta a sama, amsa a ƙasa, domin ki iya komawa ki ga inda kika yi tuntuɓe. Wasu, irin RealCalc da kalkuletar tsofaffin iPhone, lamba ake fara sawa sannan a danna sin, wato 30 sannan sin. Ba laifi ba ne, amma zai koya wa hannunki tsarin da ya saɓa wa yawancin kalkuletocin da ake shiga jarrabawa da su yanzu. Ki shiga saitin waya ki duba izinin da manhajar ta nema. Kalkuleta ba ta da hujjar neman lambobin mutanenki ko saƙonninki ko hotunanki ko inda kike. Wadda ta nema, ki goge ta. Wadda talla ke rufe rabin fuskarta ma ki rabu da ita, tana cin data, tana shan caji, kuma tallar kan faɗo daidai lokacin da yatsa ke sauka. Manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su warware, irin Photomath, ki bar su sai kin gama aikinki da hannu, ki duba da su. In kika fara da su, ranar jarrabawa za ki ga tambayar kamar kin santa, amma ki rasa ta inda za ki kama.

Yanzu maganar da ba za ki so ji ba. Waya ba za ta shiga ɗakin WAEC ko NECO ko JAMB ba. Ko a kashe take, samun ta a jikinki laifin satar amsa ne, kuma yana iya jawo a riƙe ko a soke sakamakonki. A WAEC da NECO kalkuletar hannu wadda ba a iya adana rubutu a cikinta ake amfani da ita. Ki tambayi malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarku wace iri aka amince da ita bana, tun kafin a kashe kuɗi. A JAMB ko ta hannun ba a shiga da ita, akwai 'yar ƙarama a fuskar kwamfutar, shi ya sa haddar kusurwoyin nan da ƙiyasi za su yi miki rana, kuma in da hali ki zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa ki ga yadda take. Ma'ana dai, hannunki yana buƙatar aƙalla wata biyu yana aiki da kalkuletar gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya saba da gilashin waya kan ɓata minti biyar yana neman sin⁻¹ a na'urar aro.

In Allah ya hore, ku je da Yaya shagunan littattafai na wajen Terminus ko titin Ahmadu Bello, kuma ki gwada kafin a biya, domin jabu sun yi yawa. Ki cika layi da 8 ki ga ko akwai gurbin da ba ya fitowa sosai. Ki danna kowane maɓalli ki ji ko yana maƙalewa. Ki yi sin 30 da log 100 da (−3)². In Casio fx-991ES Plus ce, ana komawa digiri da SHIFT, MODE, 3, za ki ga ƙaramin D a sama, 4 kuwa radiyan ne. In ta ba ki amsa da lamba sama da ƙasa ko da alamar √, maɓallin S⇔D zai mayar da ita mai ɗigo. In ta rikice gaba ɗaya, SHIFT, 9, 3, =, AC zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. In fx-82MS ce, MODE sau biyu sannan 1. Kafin a samu, ki roƙi wata ƙawarki ku riƙa zama tare sau biyu a mako, ki yi tambayoyi goma a wayarki, ki sake yin su a kalkuletarta. Duk inda amsa ta bambanta, nan darasin ranar yake.

Shi kuwa Baba, kada ki ga laifinsa. Daga inda yake zaune, yarinyar da ke lissafi da wadda ke hira duk kansu a sunkuye yake, haske na dukan fuskarsu. Gardama ba za ta fisshe ki ba, gani ya kori ji. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan sallar isha'i misali, ki gaishe shi, ki nemi izinin nuna masa abin da kike yi. Ki danna alamar jirgin sama a gabansa, ki nuna masa cewa yanzu ba kira, ba saƙo, ba intanet, amma kalkuleta na aiki. In ma ya fi so, ki cire layin ki ba shi ya riƙe har ki gama. Ki dawo da karatunki falo ko tsakar gida inda ake ganinki, littafi a buɗe, biro a hannu, ku yanke lokacin da za ki miƙa wayar, ki kuma cika alkawari ko da saura tambaya ɗaya. In kina jin nauyin yi masa magana kai tsaye, ki bi ta wajen Mama ko Yaya. A wannan zaman ne kuma za ki sanar da shi cewa ba a shiga jarrabawa da waya, kina buƙatar kalkuletar hannu kafin lokaci ya ƙure. Mai yiwuwa wannan ce buƙatar da zai fi saurin amincewa da ita, tunda ita ce za ta raba ki da wayar da dare.

Yau da dare ki sake yin lissafin tsanin: sin 30 tukuna, in kin ga 0.5, sai 5 × sin 60. Gobe ki kai wa malam duka ukun da gyaransu, ki roƙe shi ya duba miki sauran ayyukan zangon nan da aka soke miki, domin muna kyautata zaton da yawansu irin wannan ne. Allah ya ba da sa'a, ƙanwarmu, ki gaida mutanen gida.